Ɗanyen fure a zafin Kebbi: amsa ga mai son shiga sana'ar ƙawata biki

Wata ƙanwarmu daga Argungu ta aiko da tambaya. Ta ƙare karatu, ta kwashi adashi, tana so ta shiga harkar ƙawata wurin biki, amma da ɗanyen fure irin wanda take gani a Instagram daga Abuja da Legas, ba fulawar roba ba. Tana son ta san ko abin zai yiwu a Kebbi, ina ake samo furen, kuma yaya ake yanka kuɗin aiki.

Ƙanwata, Allah ya sa wa niyya albarka. Zai yiwu, sai dai ba a sigar da kike hange ba. Na daɗe a wannan sana'a a Birnin Kebbi, kuma shawarata ita ce ki kafa jarinki a kan fulawar roba mai kyau, da yadi, da ƙarafa, da fitilu. Ɗanyen fure ki bar shi ga wuraren da hannu da hanci da idon kyamara ke kaiwa kusa: wanda amarya za ta riƙe, na teburin gabanta, na gefen kek, sai ɗan wanda ake ajiye mata a ɗaki daren da aka kai ta. Bangon bayan amarya da ango, da ƙofar shiga, da doguwar hanyar da za su tako, duk aikin roba ne. Dalili kuwa zafi da nisa.

Ki duba inda ros ɗin da ke burge ki yake fitowa. Manyan nan masu dogon kara, akasari daga Kenya da Habasha ake kawo su. A Kenya cibiyar nomansu tana gefen tafkin Naivasha, wuri mai tsayin kusan mita 1,900 sama da teku, rana da haske, dare da sanyi. Da an yanke su sai ɗakin sanyi mai digiri 2 zuwa 4, daga nan motar sanyi, daga nan jirgi. Furen da ya tashi cikin wannan gata shi za ki sauke a Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da tsakar rana. Fure kuwa ko an yanke shi yana nan da ransa, yana numfashi, yana fitar da ruwa ta ganye da fallayensa, kuma zafi na ƙaruwa yana ƙara saurin cinye ɗan abincin da ya rage masa a jiki. Ros ɗin da zai yi mako a falo mai esi, in kika kafa shi ƙarƙashin rumfa a filin makaranta, da wuya ya kai daga azahar zuwa la'asar da kyansa.

Kalanda ma ba ta yi da mu a 'yan shekarun nan. Kin san lokutan da biki ke yawa: Disamba, da Sha'aban da kowa ke gaggawar kai amarya kafin azumi, da makonnin bayan Salla. Tunda watannin Musulunci na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo ƙarshen Maris, ta 2026 kuma wajen 20 ga Maris, ke nan bukukuwan bayan Salla sun shige cikin bazara tsundum. Sha'aban kuma a shekarun biyu ya haɗa da 14 ga Fabrairu, ranar masoya ta Turawa, lokacin da duniya ke wawar jan ros, farashi ya yi tashin gwauron zabo, dillali ma ya riƙa ja miki rai. Amaryar da ta ce jan ros take so a wannan tsakanin, ki gaya mata gaskiya tun da wuri, ki nuna mata fari ko ruwan hoda. Lokacin da ɗanyen fure ke ɗan shan iska a wurinmu shi ne Disamba da Janairu, shi ma sai kin riƙa binsa da feshin ruwa saboda bushewar hunturu.

Hanyar samo shi biyu ce. Akwai Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, inda ake noman ros da wasu furanni da ganyen ado a lambuna. Na can ya fi sauƙin kuɗi, amma ki tuna hanya: Zariya, Funtuwa, Gusau, Talata Mafara, Sakkwato, kafin a gangaro mana. Tafiyar yini ce cur. Da ana iya tafiyar dare da abin ya zo da sauƙi, to amma kowa ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ke ciki, direba mai hankali ba ya bin ta bayan magariba. Kwalinki ke nan zai sha rana a but, wataƙila ma da buhun dankali a kansa. In ta nan za ki bi, ki biya kuɗin kujera guda a cikin mota, a ɗora kwalin a kai, a huda masa ƙofofin iska, a naɗe gindin karan da jiƙaƙƙen tsumma. Ta biyu ita ce dillalan Abuja, a sako miki a jirgi zuwa filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ko na Sakkwato. Ta fi tsada, jirgi kuma yana iya ɗage tashi ba ruwansa da ranar ɗaurin aurenku. Ko ta ina ne, fure ya iso kwana biyu kafin biki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Awar farko bayan isowar kwali, a nan aikin yake. Kafin ya iso, bokitanki suna wanke tas da bilic, wato ruwan wanki irin Hypo ko Jik. Kina buɗewa za ki tarar da ros ɗin a ɗaure, galibi ashirin-ashirin, kawunan a matse cikin kwali mai laushi, fallayen waje sun ɗan yi duhu ko kore a baki. Kada gabanki ya faɗi. Da gangan manomi ya bar waɗannan don su kare na ciki, sai ranar aiki za ki zare su a hankali da yatsa biyu. Ki ɗan matsa kan furen daga gindinsa: in kin ji shi da tauri kamar ƙaramar albasa, sabo ne, in ya lotsa, ya kwana biyu a hanya, ki ɗauki hoto nan take ki tura wa dillali tun kafin a fara musu.

Sai ki zage duk ganyen da zai nutse a ruwa. Shi ke ruɓewa ya tara ƙwayoyin cuta, su kuma su toshe 'yan hanyoyin da kara ke jan ruwa. Wannan toshewar, da iskar da ke shiga cikin kara idan ya daɗe a waje, su ke sa ros ya sunkuyar da kai tun bai buɗe ba. Ki yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindi, a karkace, da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu, don almakashin tela murƙushe kara yake yi. Kina yankewa kina tsomawa, babu jira. In dillali bai haɗo miki da garin abincin fure ba, ni a kowace lita ta ruwa nakan sa babban cokali ɗaya na sukari, biyu na ruwan lemun tsami, da rabin ƙaramin cokali na bilic irin Hypo ko Jik. Sukari abinci ne, tsami na taimaka wa ruwa hawa kara, bilic na kashe ƙwayoyin. Kowanne a cikin ruwan bokiti za ki zuba shi, kada ki haɗa tsami da bilic tsagwaronsu a kofi, iskar da ke tashi tana sarƙe mutum. Ki bar su su sha na awa huɗu aƙalla, in da hali su kwana, kwalin da ke naɗe da kawunan yana nan don wuyansu ya miƙe.

Ajiya ce ciwon kai, saboda kin san halin wutarmu. Firjin gida yana yi wa furen hannun amarya, da sharaɗi biyu: kada ya kusanci wajen ƙanƙara, kuma ki kwashe duk wata ayaba da mangwaro da tumatir da ke ciki. Kayan marmari in suna nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, ido ba ya ganinta, amma tana tsofar da fure cikin dare guda, furen da ake kira kanashin ya fi kowa jin jiki. Hayaƙin janareta da na mota ma suna ɗauke da ita, don haka kada ki jera bokitai a gareji. Sauran ki kai su ɗakin da ya fi sanyi, ki saki labule, ki kunna esi in akwai, kada fanka ta riƙa bugunsu kai tsaye. Man janaretan waɗannan darare biyu yana cikin kuɗin aiki, ba daga ribarki zai fita ba. Furannin ƙasashe masu zafi kuma, irin su anturiyom da okid, ba a sa su firji ko kaɗan. Sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 10 yana ɓata su.

Cikin furannin ƙasashen waje, masu haƙuri da mu su ne kirsantimom da kanashin, waɗanda ke iya kaiwa mako biyu a ruwa in an kula da su, da okid ɗin nan na dendurobiyom da ake kawowa daga Tailan, da jifsofila, 'yan ƙananan fararen nan da ko sun bushe suna nan da kyansu. Haidiranjiya kuwa, mai babban kai da amare ke mutuwar so a hoto, ni ba na karɓar aikinta a bazara ko nawa za a biya. Haka tulif da fiyoni. Lili yana da kyau da ƙamshi, amma da ya buɗe ki cire 'yan kawunan nan masu garin ruwan goro a tsakiyarsa. In garin ya zuba a farin leshi kada a sa ruwa, kada a goge da hannu, a ɗauke shi da salatif.

Koren soson da ake soka fure a ciki, wanda aka fi sani da Oasis, tun 1954 aka ƙirƙiro shi a Amurka. Abu ɗaya za ki riƙe game da shi: ki ɗora shi a kan ruwa ya nutse da kansa. In kika danna shi, waje zai jiƙe ciki ya zauna a bushe, furen da kika soka ya mutu da ƙishi kina ganin kin ba shi ruwa. Wanda ya riga ya jiƙe ya bushe ba ya sake sha yadda ya kamata. In babu shi, ki dunƙule ragar kaji ki cusa a cikin tulu ko kwano mai ruwa, tana riƙe kara sosai.

Yanzu ga abin da na fi so ki mai da hankali a kai, don nan ne za ki fita daban, ke da kike zaune a bakin fadama. Muna da kayan ado da 'yan Abuja ke biyan kuɗi su samu, mu kuma muna tattake su a gona. Zangarniyar shinkafa in ta nuna ta yi ruwan zinariya, a ɗaure ta da zare a sa a tulu, ba ta yaushi, ba ta neman ruwa, tana yin watanni. Haka kan gero da na maiwa. Kaba da ganyen giginya, in an busar da su a inuwa aka gyara bakinsu da almakashi, su ne manyan mafitan nan da kike gani a bayan fure a hotunan waje. Ana barinsu da launinsu, ana kuma fesa musu fenti. Ganyen itacen turare yana jure yini guda babu ruwa, ga ƙamshi. Ganyen dogon yaro kuwa kada ki wahalar da kanki, kafin ki gama ɗaurawa ya langaɓe. Reshen soɓorodo da jajayen 'ya'yansa a jiki yana cike gurbin jan fure da kaka. Furen lalle ba shi da wani kwarjini a ido, amma ki soka reshe biyu a cikin na teburin amarya ranar sa lalle ki ga yadda tsofaffi za su riƙa waiwaye. Bogenbiliya, mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katangun gidajen gwamnati, tana saurin yaushi in an yanke, sai dai a yanko ta da asuba a tsoma nan take, a kuma yi aiki da ita a ranar. Bado yana burge kowa a kan ruwa, amma yana da lokacin buɗewa da na rufewa, ba ya bin jadawalin biki.

A wani kamu da muka yi a nan gari, mun shimfiɗa tabarmi, muka jera ƙore da faya-fai da tum-tum, muka kafa wani babban gora irin na masunta cike da zangarniyar shinkafa da kaba, bango kuma farar fulawar roba. A gaban amarya kaɗai muka sa ɗanyen ros a cikin akushi. Wata gwaggon ango ta zo ta tsaya, ta kai hannu bango ta murza fallen fure, ta taɓe baki. Ta sunkuya ta murza na cikin akushi, ruwa ya fito mata a yatsa, ta kai hanci. Sai ta juyo ta ce mini, "Ɗiyata, wagga ta gaske ta?" Na ce ta gaske ce, Gwaggo. Ta kira 'yan'uwanta su zo su gani. Ros ɗin da ke cikin akushin bai fi ɗauri biyu ba, amma labarin da aka kai gida shi ne an yi kamu da furen gaske.

Ki yi hattara da tsire-tsire uku da kyansu ke ruɗar sabon shiga. Kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, ruwan jikinta guba ne. Haka oliyanda, mai siririn dogon ganye da ake dasawa a harabar ofisoshi. Tumfafiya kuma kin san abin da nononta ke yi wa ido. Babu ɗayansu da zai hau teburin abinci ko ya kusanci kek, a wurin da yara ke zarya. Ko ros na waje ma an yi masa feshin magani a gona, don haka in za a soka shi a kek a naɗe karan, kada ya taɓa abin da za a ci.

Game da tsari, hotunan da kike kallo an yi su ne don bikin da mutane ke zama a kujera har a tashi. Namu ba haka yake ba. Da an fara liƙi fili ya cika, duk abin da kika jera a ƙasa gaban amarya an tattake shi. Ki ɗaga adonki sama, ki bar fili. Ki tambayi launin kayan amarya na kowace rana da na anko tun kafin ki zaɓi yadi, ki nemi a turo miki ƙyalle, don hoton waya yana ƙarya a kan launi. Amarya mai farin kaya a gaban farin bango ɓacewa take yi a hoto, mai hoto kuma ke zai zaga. Kaskon turaren wuta ya yi nesa da fulawar roba da labule, ki faɗa wa ƙawayen amarya da bakinki, ki kuma sa yaronki ya sa ido. In a waje ne, daga Mayu zuwa Yuni hadarin farkon damina da iska yake zuwa kafin ruwa. Kowace ƙafar ƙarfe ki danne ta da buhun yashi. Walimar da malamai za su yi wa'azi kuma ba ta son hayaniyar ado irin ta dina, yadi mai natsuwa da fure kaɗan sun isa.

Wajen sayen roba, araha ba ta ado. Ki je Kano ko Legas da kanki a karon farko, ki taɓa da hannu, ki zaɓi mai fallaye na yadi masu kauri, wadda ba ta sheƙi. Ki fara da fari da ruwan madara da koren ganye, don suna shiga kowane biki, launuka kuma ki riƙa ƙarawa da kuɗin masu aiki. Bayan kowane biki a kakkaɓe, a wanke da ruwan sabulu mai ɗumi, a shanya a inuwa, don rana na kashe launi. A kwali mai murfi ake ajiya. In kika cusa ta a buhu za ta fito a murƙushe, in kika bar ta a buɗe ƙurar hunturu ta mai da farar ruwan ƙasa.

Kuɗi kuma, ba zan faɗa miki adadi ba, don furen waje da dala yake tafiya, farashin wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba. Yadda nake yi dai, kuɗin ɗanyen fure daban nake rubuta shi, kuma a biya shi duka kafin in kira dillali, don abin da ba ya komawa kasuwa ne in an ɗaga biki. A kowane ɗari nakan ƙara goma zuwa sha biyar saboda wanda zai karye ko ya ƙi farfaɗowa. Sauran aikin ina karɓar kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami, cikon kuma kafin mota ta bar shagona. Wadda ta ce sai an ga abin da liƙi ya tara, ki ba ta haƙuri cikin ladabi. Ki lissafa mota zuwa da dawowa, da yaran aiki da abincinsu, da kwashe kaya da tsakar dare, da abin da ke ɓata, don ƙananan tukwanen kan tebur bin baƙi gida suke yi. Ki kuma tabbatar da wa kike magana. Amarya ce ke turo hoto, amma sau da yawa uwar biki ko yayar ango ce ke biya, kuma abin da ke ransu daban. Ki zauna da mai biyan, ki ce, "Hajiya, wannan hoton kuɗinsa kaza ne, da abin da ke hannu ga wanda za mu iya," ki nuna mata aikinki na baya, ki tura abin da aka amince a rubuce ta WhatsApp: rana, wuri, lokacin buɗe hol, launi, da wanda zai biya in an fasa abu. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba gaggawa ba ce, amma za ki buƙace ta ranar da ofis ko otal ya nemi aikinki.

Kafin ki taɓa kuɗin adashin nan, ki bi wata mai sana'ar na kakar biki guda, ki ɗauki kaya, ki hau tsani, ki ga yadda ake kwance bango ƙarfe ɗaya na dare. Sannan tunda kina Argungu, ki nemi wani mai lambun rani ya ba ki kunya uku ko huɗu a gefen albasarsa. Furanni irin su ziniya, da marigol, da gomfirena, da furen rana duk suna son zafi, kuma wanda kika yanko da asuba daga fadama bai sha wahalar hanya ba. Ziniya takan fara fure wajen wata biyu bayan shuka, kuma kina yanka tana ƙara tohowa. In bukukuwan Disamba kike hari, iri ya shiga ƙasa a farkon Oktoba, ki kuma raba shukar kashi uku da tazarar mako biyu-biyu don kada duka su buɗe a mako ɗaya.